Alhaji na son manhajar shagonshi a Play Store

Kwanakin baya wani Alhaji abokin mahaifina, mai saida taki da maganin feshi nan cikin Katsina, ya aiko yaro ya kira ni shago. Na je na durƙusa muka gaisa, ya sa aka kawo mani ruwa, sannan ya ɗauko wayarshi ya buɗe manhajar bankin da yake hulɗa da shi ya miƙo mani, ya ce "ɗana irin wannan nake so ka yi mani, wadda in mutum ya shiga Play Store ya rubuta sunan shagona zai ganta ya sauke." Na ce to Alhaji ba matsala, amma me kake so ta riƙa yi maka? Sai ya ƙirga mani abu biyu. Na farko dilolin da ke sarin kaya wurinshi daga Funtua da Malumfashi da Dutsin-ma su riƙa ganin farashin buhu kullum ba sai sun bugo waya ba, don farashin taki yanzu kamar kasuwar canji yake, na safe daban na yamma daban. Na biyu yaranshi da ke shiga ƙauyuka suna ba manoma taki bashi zuwa kaka su daina rubutu cikin littafi, don bara ruwa ya ba wani littafi kashi, sunaye da yawa suka ɓace da kuɗinsu.

Ina zaune ina sauraronshi na gane cewa Alhaji aiki biyu ya kawo yana yi masu kallon aiki ɗaya, kuma kowanne da irin maganin da ya dace da shi. Abun da ya sa na zauna rubuta wannan kenan, don tambayar nan ta ko a yi manhaja 'yar gida ko a yi ta yanar gizo kusan kullum sai an yi mani ita, kuma yawanci mai tambayar ya riga ya yanke hukunci a ranshi, so kawai yake in ce mashi eh.

Manhaja 'yar gida, wadda masu sana'ar ke ce ma netif, ita ce wadda aka rubuta da yaren da ita wayar ke ji kai tsaye. In Android ce da Kotlin ake rubutawa yanzu, da can Java ne, sai a 2017 Google ya karɓi Kotlin a hukumance, 2019 kuma ya ce ita ce kan gaba. In iPhone ce Swift, wanda Apple ya fito da shi 2014. Ana dunƙule aikin ya zama fayil guda, irin APK ɗinnan da muke tura ma juna ta Xender, ka sauke shi ya zauna cikin wayarka da kayanshi kaf, hotunanshi da maɓallanshi da ma'ajiyar bayananshi. Tunda ɗan gida ne yana magana da kyamara da GPS da Bluetooth da wurin danna yatsa ba tare da ɗan aike ba, kuma yana iya ci gaba da wani aikin ko ka kulle wayar ka sa aljihu.

Ita kuwa ta yanar gizo shafi ne, da HTML da CSS da JavaScript ake gina ta, tana zaune ne a wata kwamfuta can wani wuri da ake kira saba, kai kuma burauzarka, Chrome ko Opera ko Safari, ita ke zuwa ta ɗebo maka ta nuna maka. Ba ka sauke komai, linki kawai za a turo maka ta WhatsApp ka danna. Amma fa baƙuwa ce a wayar, zaure aka sauke ta, duk abun da take so a cikin gida sai ta roƙi burauza, burauza ta tambaye ka, in an yarda a miƙo mata, wasu ɗakunan ma ko ta roƙa ba za a buɗe mata ba. Da gangan aka yi haka, don in da kowane shafi da ka danna zai iya karanta saƙonninka ko lambobin da ke wayarka ai da an daɗe da kwashe mu.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, lokacin da iPhone ta fara fitowa a 2007 babu wata kasuwar manhaja ko kaɗan, Steve Jobs shugaban Apple na lokacin cewa ya yi duk mai son yi ma iPhone manhaja ya je ya yi ta yanar gizo ta riƙa buɗewa cikin Safari. Masu rubuta manhaja suka ƙi, suka yi ta ƙorafi, shekara ɗaya kacal aka yi a haka, 2008 Apple ya buɗe App Store, a shekarar ne kuma wayar Android ta farko ta shigo kasuwa da tata kasuwar da daga baya ta koma Google Play. Facebook ma sun gwada ɗaya hanyar, suka gina manhajarsu ta waya kan HTML5, wato fasahar shafin yanar gizo, don su huta da rubuta ta Android daban ta iPhone daban, ta yi ta jan ƙafa mutane na tsaki, har a 2012 Mark Zuckerberg mai Facebook ya fito bainar jama'a ya amsa cewa dogaron da suka yi da HTML5 shi ne babban kuskurensu, suka koma 'yar gida. Masu goyon bayan netif har gobe wannan maganar suke jawo maka in gardama ta yi zafi. Abun da ba su cika ƙarasawa ba shi ne maganar ta haura shekara goma, burauzar lokacin da ta yanzu ba ɗaya ba ce, kuma su kansu manyan kamfanonin da suka zo neman mutane irinmu masu ƙananan wayoyi da tsadar data sai da suka rage kaya, Facebook Lite ya fito 2015, Twitter kuma da suka tashi yin Twitter Lite a 2017 ta yanar gizo suka yi shi.

To mu dawo gida, don ni duk gardamar da ba ta fara daga wayar da ke hannun mai amfani ba ɓata baki ce.

Na ce ma Alhaji ya kira mani dilanshi ɗaya da ke shagon lokacin, wani bawan Allah da ya zo lodin kaya zuwa Kankia, na roƙe shi ya ara mani wayarshi. Itel ce, gilashin ya tsage ta kusurwa an liƙe da salatif, cajinta kashi goma sha wani abu. Ina buɗewa abun da ya fara tarbata shi ne sanarwar nan ta cewa memori ya cika. Na ce Malam yaya kake yi in kana son sauke sabon abu? Ya yi dariya ya ce sai dai ya goge wani, kwanaki ma sai da ya goge bidiyon walimar ƙanenshi kafin WhatsApp ta yarda ta yi afdet. Na duba abun da ya bari, WhatsApp da Facebook Lite da TikTok da manhajar banki ɗaya da ta Alƙur'ani da Xender, shikenan. Na juya na ce Alhaji ka gani, wannan mutumin kake so ya goge wani abu cikin waɗannan ya sa manhajar shagonka, don kawai ya ga farashin buhun yuriya? Ko ya sauke don kunyarka, sati ba zai zagayo ba memori zai sake cika, kuma taka ce ta farko da zai goge. Alhaji ya yi shiru yana jan gemu.

Wannan wayar ita ce kasuwarmu. Mafi yawan abun da ke hannun mutane nan Tecno ce da Itel da Infinix, dukkansu na kamfani ɗaya ne Transsion na ƙasar Sin, sai Redmi da Samsung, da yawansu ƙanana masu Android Go wanda Google ya yi musamman don wayoyi marasa ƙarfi. Data kuma ba arha ba, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025 kowa ya san yadda yake lallaɓa megabait ɗinshi. Saboda haka aikin farko na Alhaji, nuna farashi da karɓar oda, wallahi ko gardama babu, shafin yanar gizo ne maganinshi. Yaron shago ya canza farashi da safe, ya tura linki guruf ɗin diloli ko ya ɗora a sitatus, kowa ya danna ya gani nan take, mai Android da mai iPhone da mai kwamfuta duk abu ɗaya suke gani. In an yi kuskure an gyara, gyaran ya isa ga kowa a minti ɗaya, babu wanda za a bi ana roƙo ya yi afdet. A 'yar gida kuwa sai ka tura gyara Google su duba, wani lokaci awoyi wani lokaci kwanaki, bayan sun saki kuma rabin mutanenka sun kashe afdet na kai tsaye don tsoron data, sai ka tarar wata uku ana amfani da tsohuwar da ke da matsalar.

Sai dai kar wani ya ɗauka duk shafi mara nauyi ne. Wannan laifinmu ne mu masu ginawa. Yaro zai zauna da laftof mai ƙarfi da waifai na makaranta ya loda ma shafi JavaScript kamar jakin Kano, hotuna manya manya ba a matse ba, abubuwa na shawagi suna walƙiya, a wurinshi yana buɗewa fes, a wayar mutumin Kankia kuma farin allo kawai zai yi ta kallo har ya gaji ya fita. Don JavaScript bayan an sauke shi sai wayar ta karanta shi ta fassara ta aiwatar, kuma ƙwaƙwalwar ƙaramar waya a nan take shan wahala. Ga kuma masu Opera Mini, wadda ita dabararta shi ne ta fara kai shafin sabar kamfaninsu a matse shi kafin ya iso gare ka, data kam ana ragewa sosai, amma shafin da ya dogara kacokan kan JavaScript sau da yawa a wargaje yake isowa. Duk wanda zai yi ma Katsinawa shafi ya sayi ƙaramar waya ta hannu ya aje gefe, ya riƙa gwaji da ita a sabis mai rauni, in ta buɗe a nan to ko ina za ta buɗe.

Sannan ga maganar kuɗi da wahalar shiga kasuwar kanta, wadda Alhaji bai taɓa ji ba. Buɗe asusun mai manhaja a Google Play dala 25 ne sau ɗaya, na Apple dala 99 duk shekara, ranar da ka daina biya a cire manhajarka daga kasuwarsu. Kuɗin ba su kai wahalar biyansu ba, duk wanda ya yi fama shekarun nan da katin naira ya daina biyan dala ya san abun da nake faɗi. Tun ƙarshen 2023 kuma Google ya sa doka kan sabon asusu na mutum ɗaya, sai ka samo masu gwaji sun riƙe manhajar kwana 14 a jere kafin a bari ka fito da ita fili, da farko mutum 20 ne daga baya aka rage zuwa 12. Na iPhone kuwa Xcode ake haɗa ta da shi, shi kuma sai kwamfutar Mac. Ko Android Studio da ake haɗa ta Android da shi ma in laftof ɗinka bai kai gig 8 na RAM ba za ka sha zama, ga zafin Afrilu ga wuta da ba ta tsayawa, fanka na kuka kana jiran abu ya haɗu. Kason da ake ta magana na kashi 30 ko 15 da Google da Apple ke cira shi bai shafi Alhaji ba, kan kayan cikin waya ne kamar darasi ko rajistar wata wata, buhun taki ba ya ciki. Amma malamin da ke son saida karatunshi ta cikin manhaja shi ya shafe shi, ya sa wannan a lissafi tun kafin ya fara.

Abun da ya fi ci mani rai ma ba ranar haihuwar manhaja ba ne, rainonta. Duk shekara sabon Android na fitowa, Google na ɗaga matakin da dole manhaja ta kai, in ba a taɓa taka ba a hankali sabbin wayoyi za su daina ganinta a Play Store. Kenan manhaja 'yar gida kamar dabbar turke take, kullum sai an ba ta dusa, ba gini ba ce da za ka gama ka kulle ka tafi. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren farkon fara aikina, na yi ma wata makarantar Islamiyya manhajar duba sakamako, 'yar gida, don a lokacin ita nake ɗokin koyo. Iyaye ƙalilan ne suka sauke, sauran suka ci gaba da zuwa ofis karɓar takarda, bayan shekara biyu makarantar ba ta da kuɗin gyara ni kuma aiki ya sha kaina, abun ya mutu. Abun da uba zai duba sau uku a shekara ba ya buƙatar zama cikin wayarshi, da shafi na yi masu da watakila har yau yana aiki. Har yanzu in na wuce ta ƙofar makarantar sai na ji ba daɗi, don kuɗin da suka biya ni na tara-tara ne da iyayen yara suka haɗa.

Yanzu aiki na biyu, yaran da ke shiga ƙauye. Nan kam labari ya juya.

Yaron Alhaji zai hau mashin da sassafe ya nufi ƙauyukan bayan Batsari ko Kaita ko can wajen Mashi, wurin da sabis sai ka hau tudu ko ka matsa gindin wata bishiya da kowa ya sani, wani wurin ma kusa da iyaka layin Nijar ne ke shigo maka. Zai yi rajistar manomi talatin ko arba'in a yini, kowanne da suna da hoto da buhu nawa ya karɓa da inda gonarshi take, ya buga mashi rasit da 'yar firintar nan ta Bluetooth, sai dare in ya dawo gari bayanan su hau saba. Kuma mu nan ba mu manta 2021 ba, watan Satumba da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, aka yi watanni mutane na tafiya mai nisa don kawai su buga waya. Duk wanda ya ga wannan ba zai gina aikin ƙauye kan zaton cewa kullum akwai intanet ba.

Masu son yanar gizo za su ce ai shafi ma yanzu yana aiki ba sabis, kuma gaskiyarsu. Tun 2015 aka raɗa ma wannan salon suna PWA, wasu mutum biyu Alex Russell da Frances Berriman suka sa sunan. Akwai wani ɗan ma'aikaci da shafin ke dasawa cikin burauza, shi ke tare duk buƙatar da za ta fita, in babu sabis ya ɗauko abun da ya adana ya ba ka, akwai kuma ma'ajiya cikin burauzar da za ka zuba bayanai. Kana iya sa tambarin shafin a fuskar waya ya buɗe ya cika allo kamar kowace manhaja, har sanarwa yana turowa. Na yi aiki da shi kuma ina son shi ƙwarai. Amma ma'ajiyar nan aro ce. In memori ya matse burauza na da ikon share ta, ko yaron da kanshi ya ji waya ta yi nauyi ya shiga ya goge bayanan Chrome, ko ya danna manhajar shara ɗinnan da ke zuwa da wayoyi, shikenan bashin manomi arba'in ya bi ruwa kamar yadda littafin bara ya bi. Firinta ta Bluetooth kuma Chrome na Android na iya magana da wasu, Safari ba ya yi sam, kuma firintocin kasuwa masu arha ba duka ke amsawa ba. Ga turawa a ɓoye, wato yaro ya shigo gari waya na aljihu ta ga sabis ta fara loda hotuna da kanta, wannan 'yar gida ta fi iya shi nesa ba kusa ba, ko da yake ita ma wasu wayoyin suna kashe ta don tattalin batir sai an shiga saiti an ba ta izini. A iPhone abun ya fi tsauri, sai 2023 Apple ya bari shafin da aka sa a fuskar waya ya turo sanarwa, kuma mu nan duk burauzar da ka sa a iPhone injin Safari ne a cikinta ko da sunanta Chrome.

Kuma duk dalilan da suka hana dila sauke manhaja babu ko ɗaya a nan. Yaran su shida ne, ma'aikatan Alhaji ne, wayar ma shi zai saya masu, dukkansu Android iri ɗaya. Ba sai an je Play Store ba ma, APK ɗin zan tura masu kai tsaye. Abu ne da za su buɗe sau hamsin a yini, kuɗi ne a ciki, amana ce. Irin wannan ne ya sa na'urorin POS da suka cika gari tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 da yawansu Android ne a ciki da manhaja 'yar gida, don dole ta yi magana da wurin zura kati da firinta ba wasa. Haka manhajar banki da Alhaji ya nuna mani, tana buƙatar yatsanka da ɓoyayyen wurin aje makulli da ke cikin wayar, banki kuma yana da ma'aikata da kuɗin da zai yi ta rainonta. Abun da ya dace da banki daban, mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo.

Akwai hanyar tsakiya, kuma gaskiya yawancin samarinmu da ke koyo a jami'ar Umaru Musa da Hassan Usman Poli da Al-Qalam nan suka fi karkata. React Native da Facebook ya saki 2015, kana rubutu da JavaScript amma maɓallan da ke fitowa na wayar ne na gaske. Flutter na Google da ya fito sosai ƙarshen 2018, da yaren Dart, shi kuma da kanshi yake zana komai a allo. Rubutu ɗaya ya ba ka ta Android da ta iPhone, ga ƙaramin kamfani wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma su ma manhaja ce da sai an sauke, sai an bi dokar kasuwa, sai an yi afdet, sau da yawa ma sun fi 'yar gida zalla nauyi, kuma ranar da ka zo haɗa wata baƙuwar firinta dole ka leƙa Kotlin. Kamfanin hayar masauki na Airbnb sun yi shekara biyu da React Native suka aje shi 2018 suka koma netif, wasu manyan kamfanonin kuma har yau da shi suke aiki lafiya. Ni abun da nake tambaya kafin in ɗauki ɗaya shi ne mutum nawa cikin masu amfanin ke da iPhone, in babu to wahalar me za a sha, taura ɗaya ce a baki.

Sai kuma wata hanya da nake so in yi magana a kanta da babbar murya, don ana cutar mutane da ita a garin nan. Ana iya ɗaukar shafin yanar gizo a zura shi cikin ɓawon manhaja, daga waje tambari ne da suna, daga ciki burauza ce ba adireshi. Dabarar ita kanta halas ce, tun zamanin PhoneGap da Cordova ake yi, yanzu Capacitor, in an yi da gaskiya an haɗa ta da kyamara da ma'ajiya tana biyan buƙata. Amma abun da wasu ke yi shi ne su haɗa shafi na kwana biyu, su nannaɗe shi cikin awa ɗaya, su kai ma ɗan kasuwa su ce ga aflikeshin, su caje shi kuɗin 'yar gida. Ranar da ba sabis ya buɗe ya ga farin allo da hoton kuskure. Apple ma ƙin karɓar irin wannan yake in ba abun da ta ƙara kan shafin. Mafi muni kuma sai su buɗe asusun Play da sunan shafin duk da imel ɗinsu, in an ɓata ko yaro ya samu aiki Abuja ya canza layi, mai kuɗi ba shi da makullin kayanshi, ba wanda zai iya gyara mashi, sai dai a sake daga farko. Na ga wannan ya faru da wani mai kantin magani, mutumin kirki, yana nuna mani manhajar a wayarshi kamar zai yi hawaye. Don Allah duk wanda zai ba da irin aikin nan, asusu da sunan shafi da kod ɗin kanshi, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, su zama da sunanka, a rubuta a takarda da shaidu, kuma ka sa a kashe data a gabanka a buɗe manhajar ka ga me za ta yi.

Na fahimci abun da ke ran Alhaji fa, kuma ban raina shi ba. Ganin sunanka a Play Store wata daraja ce, kamar allon shago ne babba a bakin titi, kuma mutanenmu sun sha damfara ta linki har sun fara tsoron danna duk abun da aka turo, suna ganin abun da ke Play Store ya fi aminci duk da can ma ɓata-gari na kutsawa, manhajojin bashi nawa suka tozarta mutane. Wannan tsoron gaskiya ne kuma dole mai shafi ya yi maganinshi, suna gajere mai sauƙin ganewa, lambar wayar shago a sama, kuma linkin ya riƙa fitowa daga layin da diloli suka sani. In daga baya an ga lallai ana son tambarin a Play Store akwai hanyar da Google ya tanada ta shigar da PWA ciki ba tare da an sake gini ba, ƙofar a buɗe take.

Da na gama bayani Alhaji ya ce "to ɗana ni dai na ji rabi na bar rabi, yanzu nawa ne kuma yaushe?" Muka tsaya kan shafi ɗaya mara nauyi na farashi da oda, wanda na gama cikin sati biyu, da manhajar Android ta yaranshi shida da za ta ɗauki kamar wata biyu, da yarjejeniyar kuɗin kulawa duk shekara, komai da sunanshi, babban ɗanshi ne ya riƙe kalmar sirri. Shafin ya fara aiki, mutumin Kankia ne ma na fara tura mawa ya gwada da Itel ɗinshi, ya kira ya ce ta buɗe. Manhajar yaran kuma jibi in Allah ya kai mu zan bi ɗaya daga cikinsu a bayan mashin zuwa wajen Kaita mu gwada ta inda babu sabis, don Alhaji ya ce lallai a gama kafin ruwan farko ya sauka a fara rabon taki.